Gwaggon da Ta Ƙi Tashi Daga Bakin Teku

Mu duka na Allah ne, kuma wurinsa za mu koma. Wannan karon Gwaggo ya kira, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ranar da na sauka a ƙasar nan da takalmin da bai dace da sanyi ba. Ciwon ƙirji ne ya kwantar da ita 'yan kwanaki a asibiti, da hantsi ta cika.

A gidan ɗanta aka yi zaman makoki, wato Yayanmu, can saman bene a unguwar Morris Heights da ke Bronx, a New York. Falo ya cika har ana zama a bakin ƙofa, takalma sun tare wa maƙwabta hanya. Ni ina kai-komo tsakanin kicin da falo da shayi, saboda haka kusan duk abin da aka faɗa ya faɗa kunnena.

Wata Hajiya 'yar Kumasi, wadda suka fara aikin kula da tsofaffi tare, ta sha kuka har mayafinta ya jiƙe. Da ta share fuska sai ta ce, cikin Hausarta ta Zango, "Mutumin kirki ne paa. Amma ba ya jin magana kraa. Na ce mashi, sister, bar wurin nan, sanyin ruwa zai kashe ki."

Mai shagon da Gwaggo take sayen kuka da daddawa a wurinsa a Harlem ma ya zo, mutumin garin Tawa ne. Ya ce, "Hajiya ba ta taɓa shiga shagona ta hita ba ta yi mani hwaɗa ba. Yanzu wa za ya ce daddawata ta kwana biyu?" Aka yi 'yar dariya. Sai shi ma ya ƙara da cewa da ta dawo cikin mutane da wataƙila an ga ciwon da wuri.

Haka aka wuni. Kowa ya yi mata addu'a sai ya maƙala "amma" a ƙarshe. Amma da ta ji magana. Amma me tsohuwa take yi a bakin teku, a layin da kowa ya watse? Yaya yana zaune a gefe da carbi, na kuwa san abin da ke cin ransa: shekara da shekaru yana roƙon uwarsa ta baro gidan nan ta ƙi, yanzu ga shi ta mutu bai ci nasara ba.

Abin ya yi mini zafi. Ba zan yi mata ƙarya tana kabari ba, Gwaggo tana da taurin kai, wanda duk ya zauna da ita ya sani. Amma ba na so jikokinta su tashi abin da suka sani game da ita kawai shi ne wata tsohuwa da ta ƙi jin magana. Shi ya sa na zauna rubuta wannan.

'Yar Maradi ce. Kafin ta zo New York, ruwa mafi girma da ta taɓa gani shi ne gulbi idan damina ta yi albarka. Aiki ne ya kai ta Staten Island, aka tura ta kula da wata tsohuwar Baturiya a wani ɗan layi da ke ƙarewa a yashin teku. Ta sha ba mu labarin ranar farko: ta sauka daga jirgin fito a St. George, ta hau bas har ƙarshen hanya, ta taka har inda kwalta ta ƙare. Ta tsaya tana kallo, sannan ta ce, "Wanga ruwa duka, kuma ba a sha?" Har ta mutu ba ta yafe wa teku wannan ba.

Layin ba wani abin kallo ba ne. Ƙananan gidajen katako ne a jere, kusa da juna har kana jin tarin maƙwabci. A bakin tsohuwar da take jinya ta koyi tarihin wurin, kuma ta riƙe shi kamar yadda take riƙe da asalin danginmu. Tun farko bukkokin shan iska ne, leburorin birni suka kakkafa don su kawo iyali lokacin zafi. Da haya ta yi tsada a cikin gari sai mutane suka toshe ɓarakar katakon, suka sa abin ɗumama ɗaki, suka zauna gaba ɗaya. 'Yan kwana-kwana, ma'aikatan jirgin fito, masunta, direbobin bas. Gwaggo ta san gidan da kakan wane ya gina da katakon akwatunan kaya, ta san shekarar da ruwa ya tafi da rumfar rawa da ke bakin yashi, alhali ko haihuwarta ba a yi ba lokacin. Idan tana ba da labarin sai ka rantse a gabanta aka yi.

Da tsohuwar ta rasu, 'ya'yanta ba su son gidan, sai Gwaggo da mijinta, wanda muke kira Kawu, suka saye shi. Kawu direban tasi ne, mutum mai sanyi, duk abin da Gwaggo ta ce sai ya ce to. Su ne baƙaƙen fata na farko a layin, kuma ba a yi musu maraba da ganga ba. Ba wanda ya zage su, amma ba wanda ya leƙo.

Gwaggo ba ta iya zama haka ba. A wurinta, gidan da ba a ciyayya da maƙwabta ba gida ba ne. Da Sallah ta zagayo sai ta dafa shinkafa da miyar kaji, ta zuzzuba a kwanukanta na ado, waɗanda ta taho da su tun daga kayan ɗakinta, ta aika gida-gida. Aka karɓa, aka yi godiya. Ta zauna jiran kwanuka. Shiru. Mako ya wuce, shiru. Mutanen sun ɗauka kwanon ma kyauta ne.

Sai ta ɗaura mayafi ta fita karɓar kayanta. A wani gida ta tarar ana zuba makullai a ciki, a wani gidan mage ce ke shan madara. Duk ta haɗiye. Amma da ta isa gidan da ke kallon nata, gidan wata farar mata da muke kira Matar Mai-jirgi saboda mijinta a jirgin fito ya yi aiki, sai ta hango babban kwanonta mai murfi, wanda uwarta ta ba ta, a kan taga. An huda gindinsa da ƙusa an shuka fure a ciki.

Ranar layin ya ji muryar Maradi. Gwaggo ta fara da Turanci, Turanci ya ƙare mata, ta koma Faransanci, daga nan ta sauka kan Hausa ta zauna daram. Matar Mai-jirgi ita ma ba kanwar lasa ba ce, ta riƙe ƙugu tana mayarwa, ta ce ita ba ta taɓa jin inda aka ba mutum abu aka dawo karɓa ba. Kawu yana leƙe ta labule, ya ƙi fitowa. Bayan kwana biyu matar ta ƙwanƙwasa ƙofa riƙe da sabon kwano, da kek a ciki. Gwaggo ta dubi kek ɗin ta ce, "Da giya ciki?" Ta ce babu. "Da man alade?" Ta ce babu. Gwaggo ta karɓa, ta ce kwanon dai bai kai nata ba.

Daga nan kwano bai daina tsallaka titin nan ba. Sauran gidajen ma suka koyi dokar: a ci, a wanke, a mayar, in da hali a sa wani abu ciki. Lokacin da na zo, na tarar da jikokin Italiyawa suna cin dambu da hannu a ƙofar gidanmu.

Guguwa kuwa kowace kaka sai an yi maganarta. Yawanci iska ce da ruwan sama, a kwana biyu babu wuta, shi ke nan. Shekarar da ta gabaci babbar guguwar, an tayar wa kowa da hankali, aka ce a tashi, aka tashi, aka dawo ba a ga komai ba sai rufinmu da ya ɗaga ta gefe guda. Ruwa ya zubo ya lalata kayan da ke saman kabad. Gwaggo ta ce ta gane, ba za a sake ba.

Don haka da aka sake shelar cewa wata tana tafe, wadda ta fi waccan, Gwaggo ta shirya mata irin shirin da ta sani. A Maradi hadari daga sama yake zuwa, abin da yake nema kuma rufi ne. Ta tasa Kawu gaba ya hau tsani, da shekarunsa da ciwon gwiwarsa, ya jera bulo da tsofaffin tayoyi a kan rufi, aka ɗaɗɗaure da igiya. Mu kuma a ciki ta sa muka sauko da duk abin da ke sama: akwatunan zannuwa, hotuna, takardun makarantar Yaya, atamfofin da take tara mini na aure. Muka tura su ƙarƙashin gadaje, muka lulluɓe da leda. Ta jera robobi a inda take zaton zai yi yoyo. A waje maƙwabta suna ta jibga buhunan yashi a bakin ƙofofi. Gwaggo ta leƙa ta girgiza kai, ta ce, "Dubi mutanen ga. Hadari na bisa, suna tsaron ƙasa."

Muka kulle gida muka tafi Bronx. Sai da aka buɗe hanya muka dawo, da rana tsaka. Tun daga bakin layi muka ga kwale-kwale a tsakiyar titi. Ko'ina laka, ko'ina warin man mota da ruɓaɓɓen ciyayi. Gidan da ke ƙarshen layi babu shi, sai matakalarsa. Teku ne ya taso ya shigo ta ƙasa, ya kai wuyan mutum a cikin ɗaki, ya koma.

Gwaggo ta tsaya a ƙofar gidanta ta ɗaga kai. Bulo yana nan, taya tana nan, ko ƙusa ɗaya ba ta motsa ba. Ta daɗe tana kallon rufin, sannan ta ce, "To. Ruhi dai lahiya lau." Kawu ya fashe da dariya har ƙafarsa ta zame ya zauna cikin laka. Ni ma na yi, ita ma ta yi, har hawaye. Muka shiga muka jawo akwatunan, ba abin da ya tsira. Saman kabad kuwa a bushe yake ƙayau, babu komai a kai.

Ba ta yi kukan kaya ba. Kukan da ta yi na wani tsohon masunci ne da ke zaune shi kaɗai kusa da yashi. Ranar tashi ta je ta buga masa ƙofa ta ce ya zo mu tafi a tasin Kawu, ya ce ya ga guguwa tun ba a haife ta ba. A cikin ɗakinsa aka same shi. Da aka gaya mata sai ta zauna a matakala ta rufe fuska da mayafi, ta daɗe a haka. Da ta tashi sai ta ce wa Kawu ya sake hawa ya sauko da bulon nan. Ta kafa murhu da su a gefen titi, ta sa aka tattaro karyayyen katako, ta ɗora babbar tukunya. Babu wuta babu gas a unguwar, kuma har aka dawo da su, duk wanda ke kwasar laka a layin nan a tukunyarta ya ci.

Bayan haka ne hukuma ta fito da shawara: za ta saye gidajen wurin, ta rushe, a bar wa fadama ƙasarta. Ba dole, amma wanda ya zauna ya san abin da ya zaɓa. Ban ga laifin waɗanda suka karɓa ba. Wanda ya ga gadonsa yana iyo ba ya son gani na biyu. Gida ɗaya bayan ɗaya, mota ta zo ta kwashe kaya, katafila ta biyo baya. Kafin a daɗe dogayen ciyayi sun cinye filayen, barewa tana yawo inda dā yara ke ƙwallo. Kawu ya rasu cikin waɗannan shekarun, ni ma na koma cikin birni, sai dai in zo ziyara. Daga ƙarshe hayaƙi gida biyu kawai yake tashi a layin: na Gwaggo, da na Matar Mai-jirgi, wadda ita ma mijinta ya riga ya rasu.

Nan rigima da Yaya ta fara, kuma a kaina ta ƙare. Shi ne ɗanta na fari, Gwaggo kuwa mutuniyar dā ce, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa doguwar magana ido da ido. Yana zaune a gabanta sai ta juyo wurina.

"Ummi, please," in ji Yaya, yana duban uwarsa. "Wannan wurin flood zone ne. Na samo miki ɗaki a building ɗinmu, akwai elevator, masallaci yana ƙasa."

"Ki gaya ma wancan na ji."

"Kin ji, amma me kika ce?"

"Ki gaya mai in na tashi, wa za ya leƙa ta tsallake? Tsohuwa ce, ido ya tahi. In ta hwaɗi cikin ɗaki, barewa za ta kira likita?"

"Tana da 'ya a Pennsylvania!"

"Ɗiyar da ba ta zuwa sai Kirsimeti."

Na ce, "Gwaggo, to ki tambaye ta mana. Wataƙila ita ma tana son tafiya."

Ta dube ni sama da ƙasa. "In tambayi tsohuwa ko za ta bar ɗakin mijinta? Sai ta ce na gaji da ita. Ke dai Amirka ta cinye maki kunya."

Haka muka yi ta yi, shekara bayan shekara. Duk kaka, da an fara shelar guguwa, Yaya ba ya barci. Wani lokaci ya tafi da fushi ya yi wata bai taka layin ba, sai ta dafa abin da ya fi so ta ba ni ta ce in kai wa matarsa, wai ta ji yara sun rame. Abu guda ta koya daga masuncin: in an ce a tashi, tana tashi. Amma ba ta shiga mota sai Matar Mai-jirgi ta shiga. Sau da yawa farar tsohuwar nan ta kwana a falon Yaya tsakanin jikoki, da safe ta sha kunu tana yamutsa fuska. Da an ce hanya ta buɗe sai su biyun su tsaya a bakin ƙofa da jakunkunansu.

Ni kaina na gaji da ita a kan maganar nan, na kuma ji tsoro. Gidan bai taɓa bushewa sosai ba tun daga ruwan nan, bango yana fitar da baƙi-baƙi komai fentin da aka shafa. Da tari ya kama ta a wannan sanyin, sai da ta tsallaka ta gaya wa maƙwabciyarta inda ta ajiye mata miya a firji kafin ta yarda mu tafi asibiti.

Bayan sadakar uku ni da Yaya muka hau jirgin fito, za mu je mu rufe gidan. Na riga na sanar da Matar Mai-jirgi rasuwar ta waya, amma ya kamata mu shiga mu gaishe ta. Muka same ta zaune a kujera kusa da taga, ta yafa bargo. Ta rungume ni, ta riƙe hannun Yaya ta ƙi saki. Ta yi maganar Gwaggo mai daɗi, ta ce ba ta taɓa yin ƙawa mai masifa irinta ba.

Yaya ya daure ya tambaye ta, da Turanci, yadda za ta yi yanzu ita kaɗai.

Ta ce, "Ai 'yata ta gyara mini ɗaki a gidanta tun shekarar da ruwan nan ya shigo. A ƙasa yake, ba hawa. Kullum sai mun yi faɗa a waya."

Yaya ya ce, "To me ya hana ki tafiya?"

Ta dube shi kamar ya yi tambayar yara. "In bar uwarka ita kaɗai a nan? Ruwa ya cinye mata komai, mijinta ya mutu. Duk abin da ta mallaka a ƙasar nan gidan nan ne. Na ce wa 'yata, muddin matar can tana kunna fitila, ni ma ina nan."

"Ita ta ce miki ba ta da wurin zuwa?"

"A'a. Ba ta taɓa faɗa ba, ni ma ban tambaya ba. Mace mai girman kai irinta, ka tambaye ta wannan? Sai ta ɗauka so nake in rabu da ita."

Yaya ya zare hannunsa a hankali ya fita. Ta taga na hango shi tsaye a tsakiyar titi, ya juya mana baya, kafaɗunsa suna rawa. Ni kuwa dariya ce ta fara zo mini, don na ga fuskar da Gwaggo za ta yi da ta ji wannan, daga nan kuka ya ƙwace. Tsohuwar tana ta tambayata ko ta faɗi wani abu ba daidai ba. Na rasa ta inda zan fara, sai na gaya mata gaskiya, cewa ɗaki yana can Bronx yana jiran Gwaggo tun tuni, kuma saboda ita ta ƙi zuwa.

Ta juya tana kallon gidan tsallake, leɓenta yana motsi. Can ta ce, "Wawuya." Ban san ko da wacece take ba a cikinsu.

Da Yaya ya dawo ya wanke fuska, ya tsuguna a gabanta ya ce ta kira 'yarta yau, ba gobe ba, shi zai kawo mota ya kwashe mata kaya. Ta ce to. Kafin guguwar bana ta zo, babu wanda zai rage a layin.

Allah ya yafe wa Gwaggo kurakuranta, ya haskaka makwancinta, ya sa ta tarar da maƙwabta nagari a inda ta je.